Shekarar da Salkar Nomau Ta Yi Ƙiba

Yanzu idan ƙusa ta soki taya, direba ba ya ko sauka daga mota. Zai tsaya a mahaɗar Jega, matashi ya zo da tsinken ƙarfe da wata 'yar igiya mai danƙo, ya cusa a hudar, ya tada inji ya ba da iska, kafin direban ya gama ɓare goro an sallame shi. Shi ya sa ku matasa kuke ganin faci ba sana'a ba ce, wurin zama ne kawai kafin aikin kirki ya samu. Ban ga laifinku ba. Tayar yanzu ba ta da tiyub a ciki, wanda kuwa bai yi hulɗa da tiyub ba bai san halin roba ba. A zamaninmu sai ka kwance ƙafar motar, ka kwantar da ita a ƙasa, ka bi bakinta da guduma da liba, wato ƙarfen ɓanɓare taya, har ta saki, ka zaro tiyub kamar mahauci yana zaro hanjin sa. A nan ne aikin yake farawa.

Sunana Arzika, haifaffen Sabon Garin Jega, amma ba a gida na koyi sana'ar ba. Ina saurayi na bi motar shanu zuwa kudu, ƙafa ta yi ta ja na har Kumasi, inda na zauna a hannun wani dattijo Bayarabe da ake kira Baba Lamidi. Daga can na yi Abijan, na yi Kwatano, na yi Yamai, na taɓa Ikko. Na tsinci Yarbanci da yaren Ashanti da Zabarmanci da Faransancin tasha, wanda ya ishe ni faɗa da direba amma bai ishe ni rubuta wasiƙa ba.

Facina na farko tiyub ɗin keken wani mai tallar burodi ne. Na nemo hudar a daron ruwa, na goge wurin, na kankare, sannan na ɗauko sholisho, wato ruwan danƙon da ake manna faci da shi, na lafta kamar mai shafa wa yaro man kaɗanya. A tunanina, yawansa shi ne ƙarfinsa. Ban jira ya sha iska ba na ɗora facin na danne. Kafin mai keken ya gama ba ni labarin surukarsa, facin ya yamutse, ya yi layi-layi kamar yatsun matar da ta yini tana wanki. Na yunƙura zan ɓalle shi in ɓoye, Baba Lamidi ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Bar shi. Duba shi da kyau, yau ka samu malami. Roba tana sha, kamar ni da kai. In ta sha sai ta ƙara girma. To, fuskar nan ta sha, tana son faɗi. Bayanta bai sha ba, ya ce ba inda za shi. Kai ne fuskar, ina za ka?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Sama za ka, ka dawo ƙasa, ka sake komawa sama. Tunda an hana ka gefe."

Mai burodi ya ce shi dai a ba shi kekensa, burodi yana hucewa. Baba Lamidi ya ce masa ya yi haƙuri, ana karatu.

A hannun dattijon nan na koyi karanta yamutsewar roba kamar yadda mafarauci yake karanta sawu. In layukan ƙanana ne a matse, robar siririya ce. In manya ne da tazara, mai kauri ce. In gefe ne ya yi tattara kamar ganyen latas, ta gefen ta sha, tsakiya ba ta sha ba. In kuwa ta naɗe gaba ɗaya, fuska ɗaya ce ta jiƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki, layukan ba sa fitowa barkatai. Tazararsu ɗaya, kamar an auna da igiya, alhali ba wanda ya auna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Guduma, liba biyu, almakashi, famfon hannu da ke cinye kafaɗar mutum, rabin duro na ruwa, da hoda da ake barbaɗa wa tiyub don kada ya manne da taya. Sai uban tafiyar, matsin facin wuta: tsohon fistin mota ne da ƙarfen matsewa a kansa. Ka ɗora ɗanyar roba a kan hudar, ka rufe da takarda, ka matse, ka zuba kananzir kaɗan a cikin fistin ka kunna. Ba agogo. Ka ɗiga ruwa a ƙarfen, yadda ya yi ƙara shi zai gaya maka ko ta gasu. In ka yi gaggawa facin ya fito ɗanye, in ka tsaya hira ya fito gawayi.

Direbobi kuwa na gan su iri-iri. Na Abijan zai tsaya a kanka yana duba hannunka, ya tambaye ka ko ka sa hoda. Na Ikko zai fara zaginka tun kafin ya kashe mota, in ka gama ya kira ka ɗan'uwansa. Na Yamai, in ka ce masa tiyub ya mutu, sai ya ce ba komai, ya cusa ciyawa a tayar ya kama hanya. Namu na gida shi ne zai kawo maka tiyub mai faci goma sha biyu, ya nuna maka guda ɗaya ya ce naka ne, kuma shi ne ya saki, ko da ranar ka fara ganinsa.

Na dawo gida daidai lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi. Jega ta cika da motoci, masu zuwa Birnin Kebbi da kayan ofis, da manyan motocin albasa daga Aliero da ke bi ta Maiyama su yi kudu. Na kafa rumfa a bakin hanya. Ban tsaya ga faci kaɗai ba, domin tiyub ɗin babbar mota in ya mutu ba a zubar da shi. Ina ɗinka guga da shi, ina yanka zoben roba na bakin tiyon injin ban-ruwa, wanda manoman rani suka fara saye a lokacin. Ina kuma yin salka, irin jakar ruwan nan da da ake yi da fatar akuya. Tawa ta roba ba ta tsatsa, ba ta wari, masu jakuna suna son ta.

Wani manomi daga Maiyama ya taɓa dawo mini da zoben da na yanka masa, ya jefa a gabana ya ce na ba shi mai aljanu. Zoben da ya tafi a shimfiɗe ya dawo da tudu biyar a kewayensa, tsakaninsu daidai wa daida. Na shinshina, na ce masa ai baƙin mai ya shafa wa zoben. Ya ce ai don ya yi laushi ne, kamar yadda ake yi wa linzami. Na ce linzami fata ne, wannan kuwa in ya sha mai tsawo yake ƙarawa, ramin da yake zaune a ciki kuma ƙarfe ne, ba ya matsawa. Ya ɗauki sabo ya tafi yana cewa duk da haka biyar ɗin nan ba banza ba.

Na kawo wannan ne don ku san cewa abin da ya faru daga baya ba rashin sani ba ne. Da sanina na yi shi.

Sai shekarar da fetur ya yi wuya. Motoci suka yi layi a gidajen mai har direbobi suka riƙa shanya wanki a kansu. Motar da ba ta tafiya ba ta taka ƙusa, saboda haka sai in yini a rumfa ina korar ƙuda, ruwan durona har ya yi gansakuka. Manoman rani sun fi ni shiga uku, domin injinsu fetur yake sha, albasa kuma ba ta san ana layi ba.

Ina zaune wata safiya, zafi ya fara shigowa, sai ga Nomau da jakinsa. Nomau taubashina ne, ɗan gwaggona, manomin albasa a fadamar Jandutsi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba, kowannenmu yana cewa shi ne gaba da ɗaya.

Ya ce, "Ɗan yawon duniya, tashi ka ga aiki. Kwana nawa rabonka da ganin taya?"

Na ce, "Tun randa ka daina wanka."

Ya zauna a bencina ya rage murya. Wata bas ta lalace a tasha da tankinta cike, mai ita ya yarda ya sayar masa da man, kimanin garwa uku. Albasarsa ta fara ɗaura kai, kwananta uku ba ruwa, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Matsalar ita ce abin ɗauka. Jarka ta zama abin nema, wanda aka gani da ita a hanya kuma sai an tsayar da shi an yi masa tambayoyi. Amma jaki da salka, wa zai kalle shi?

Na ce, "Nomau, roba tana shan fetur."

Ya ce, "Ni ma ina shan hura, ka ga na hwashe?"

"Za ta kumbura."

"Daga nan zuwa hwadama tahiyar nawa ce? Kahin ta gama kurɓar hwari mun isa. Ko dai yaren da kaj jiyo duka na tsoro na? Mutum ya yi Kumasi, ya yi Abijan, ya dawo yana tsoron tsumman taya."

Na yi lissafi a raina. Tiyub ɗin babbar mota yana da kauri, tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Ga zaman banza ya ishe ni, ga taubashi yana yi mini dariya a gaban masu shayi. Na ce zan yi, da sharaɗi ɗaya: yana isa ya juye man a garwar ƙarfe, kada ya kwana a roba. Ya ce garwani gare shi har ba ya da wurin ajiye su.

Ban taɓa yin salka mai kyan wannan ba. Na zaɓi tiyub mai faci ɗaya tak, wani ɗan siririn faci na keke da wani ya taɓa mannawa a gefe. Na yanke, na toshe ƙarshe ɗaya da facin wuta, ɗaya ƙarshen na sa masa toshiyar icce na ɗaure tam. Don kada nauyi ya ja ta a bayan jaki, na manna mata tsohon bel mai zare a gadon baya tun daga kai har wutsiya, na yi mata ɗamara uku da igiya. Muka cika ta a bayan tasha, muka ɗora wa jaki, Nomau ya kora shi yana waƙa.

Kwana biyu ban ji komai ba. A na uku da hantsi sai ga mutum uku daga Aliero a kan kekuna, kowanne da mataccen tiyub a wuya. Babbansu, wani mai furfura da ya ce sunansa Malam Gado, ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya duba hagu da dama.

Ya ce, "Irin ta Nomau muka so."

Na ce, "Salka? Ta ruwa?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya san ciniki. "Malam Arzika, mu ba yara ba na. Wadda ka ƙara mai. An ce can Kumasi kak koyo ta."

Na ce ban gane ba. Ya ce labari ya cika kasuwa: Nomau ya isa fadama da la'asar, ya ajiye salka a bukka ya ce sai da safe, da gari ya waye ya tarar ta ƙara ƙiba. Ya bar ta ta ƙara yini, ta ƙara. Yanzu ya ce ba zai taɓa ta ba sai ta tsaya da kanta, domin ba a yanka rago yana cikin yin kitse.

Na ce, "Albasar fa?"

"Ya ce ta yi haƙuri, in man ya cika za ta sha har ta bari."

Na rantse musu cewa babu wata salka mai ƙara mai a duniya, na bi ƙasa biyar ban gani ba. Malam Gado ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta, irin wannan abu ba a faɗinsa a bakin hanya, in faɗi abin da zan karɓa kawai. Na bar su a tsaye, na ari keken mai shayi na kama hanyar Jandutsi. Da na waiwaya sai na ga Malam Gado a bayana yana taka nasa, tiyub yana lilo a wuyansa. Ya ce ba zai bari in je in ɓoye sirrin ba.

Tun daga nesa na ga gonar. Ganyen albasa ya kwanta, bakinsa ya fara ja, ƙasar fangulan da aka dasa ta a ciki ta tsattsage. Inji yana gefe an lulluɓe shi da buhu. Nomau yana zaune a ƙofar bukka ya miƙe ƙafa, fuskarsa kamar ta wanda matarsa ta haifi tagwaye. Wari kuwa tun daga bakin gona yake shiga ido. Ina sauka na ga ya ciro taba ya laluba aljihu. Ban yi sallama ba na fizge ashanar.

Ya ce, "Ka gani, Malam? Haka yake tun yana yaro, ba shi da gaisuwa."

Na leƙa bukkar. Zan faɗi gaskiya, na daɗe a tsaye ina kallo kafin in tuna abin da ya kawo ni. Duk abin da Baba Lamidi ya nuna mini a ɗan facin keke, ga shi nan a abu mai girman ɗan maraƙi. Bel ɗin da na manna a baya bai sha ba, cikin ya sha, saboda haka salkar ta lanƙwashe kamar ƙahon rago. Tsakanin ɗamara da ɗamara ta yi tulu-tulu. Kusa da kowace igiya, inda aka hana ta faɗi, ta yi ninki a jere, tazarar yatsa biyu tsakanin kowanne, kamar kunyoyin gonar da gwani ya yi wa huɗa. Leɓen da ya rage a bakin toshiya ya yi tattara. Ɗan facin keken nan kuwa ya yi nasa layukan ƙanana-ƙanana, a tsakiyar manyan.

Malam Gado ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ikon Allah. Kamar tumbin sa."

Nomau ya ce, "Shekaranjiya igiyag ga yatsana biyu ka shiga ƙarƙashinta. Yau ko tsinke ba ya shiga. Ina yayyafa mata ruwa safe da marece."

Na ce, "Nomau, ba man ne yake ƙaruwa ba. Robar ce take shanye shi."

"Hassada dai."

"Ina garwanin da ka ce?"

"Guda na nan. Guda kaza ta yi ƙwai ciki."

Na ga magana ba za ta yi ba. Na durƙusa na ƙwanƙwasa ƙasan salkar da yatsa, ta yi shiru. Na ƙwanƙwasa samanta, ta amsa kamar ganga. Na ce su saurara, na ɗaga bakin sama a hankali, na sassauta toshiyar kaɗan. Iska ta fito da dogon tsaki, wari ya kore mu baya, salkar ta yi ta sauka a gabanmu har ta zama kamar tsohuwar da ta zauna a tabarma.

Nomau ya kama kansa. "Ka sake shi ya tahi! Ribar kwana ukku, Arzika. Malam, kai shaida na, da hannunai ya buɗe."

Malam Gado ya dubi salkar. A hankali ya cire tiyub ɗin da ke wuyansa ya ajiye a ƙasa, ya ɗan tura shi gefe da ƙafa.

Na ja Nomau waje na nuna masa fangalin da ke gabansa. Na tona gindin albasa ɗaya da yatsa, ƙasar ta fito a bushe har ƙasa, kan ya fara laushi. Ya karɓa ya juya shi a hannu. Ya fi ni sanin abin da yake gani: in ta ƙara yini biyu a haka, ko kogi aka juye mata ba za ta tashi ba. Daga nan bai ƙara maganar riba ba, ya ce, "To, mi za mu yi?"

Ɗaga salkar ba zai yiwu ba. Robar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, in ka ja ta sai ta biyo hannunka. Muka haƙa rami a gefenta, muka zura garwa a ciki don bakin salkar ya kasance sama da ita, na riƙa karkato shi kaɗan-kaɗan. Muna tsakiyar haka ɗan facin keken ya ɗaga, mai ya fara tsartuwa. Malam Gado, da ya zo sayen sirri, shi ya danne wurin da tafin hannunsa, ya durƙusa a haka yana kawar da fuska yana ambaton Allah har muka gama. Aka tashi kaza daga ɗaya garwar, ta fita tana faɗa.

Garwa uku muka zuba a Jega. Garwa ɗaya da rabi muka samu, launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Sauran yana cikin jikin roba, wani kuma ya bi iska. Muka tace shi da hular Nomau, domin ni na ce tawa ba ta yi laifin komai ba. Da muka zuba wa injin, ya yi tari, ya tashi, ya mutu. Danƙon robar da ya narke a man ya toshe masa maƙogwaro. Ni ba makanike ba ne, amma na zauna kusa da su a Kwatano, na kwance na wanke na hura na mayar. Sau uku muna haka kafin ya kama sosai, ruwa ya fito ta tiyo ya bi fangali na farko. Ƙasar tana sha tana ƙara.

Nomau ya auna man da ido, ya auna gonar. Ya ce ba zai kai ba, sai dai a ba inji fangulan nesa, na kusa da ruwa a yi musu da hannu. Ya shiga bukka ya fito da manyan ƙore biyu da suka yi ƙura, ya miƙo mini ɗaya.

Na ce, "Ni mai faci ne."

Ya ce, "Kai ka ɗunka ta."

Na karɓi ƙwaryar, domin gaskiya ya faɗa, ni na ɗinka salkar. Kwana huɗu na yi a fadamar. Ka sunkuya ka ɗebo, ka taka ka watsa, ka dawo, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Malam Gado ya taya mu rabin yini, ya ce tunda ya zo. Da zai tafi ya roƙe mu kada a ji a Aliero cewa ya biyo ni, muka ce ba za a ji ba, kafin ya isa gida an ji. A rana ta biyu bayana ya ƙi miƙewa, Nomau ya ce yanzu na yi kama da salkata. A ta uku ganyen ya fara ɗagowa. A ta huɗu wani maƙwabcinsa ya samo mai a duron ƙarfe ya sam masa, na ɗauki keken mai shayi na gudu.

Salkar na ja ta inuwa na bar ta. Bayan mako ta amayar da abin da ta sha, ta koma kusan girmanta na da, amma duk inda ta yi ninki ya zama tsaga. Ko guga ba ta yi ba. Wannan ma darasi ne da ban samu a Kumasi ba: roba tana komawa, amma ba ta manta inda ta lanƙwashe.

Albasar ta yi, ban da fangula biyu na can ƙarshe da suka ƙone. Kawunan ba su kai na bara ba, amma gidan Nomau ya ci tuwo har damina. Ya aiko mini da buhu guda a kan jakin nan, tare da saƙon cewa ba kyauta ba ce, ladan ɗan ƙwadago ne, kuma aikina bai yi kyau ba. Har yau in mun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure sai ya gaya wa mutane cewa ya taɓa mallakar salka mai haihuwar fetur, wani ɗan yawon duniya ya zo ya buɗe mata baki.

Ni dai ban sake ɗinka salka ba, ko ta ruwa. Nomau ya sayi duron ƙarfe da kuɗin albasar, maƙwabtansa suka bi sahu, kowa ya riƙa ajiye mansa tun kafin a dasa. Kwana huɗun nan su ne na ƙarshe da na ga an shayar da albasa da ƙwarya a fadamar Jandutsi. Daga shekarar zuwa yau, inji ne.